Shin Ko Kun San? Filayen Jama'a a Yamai, Daga Hurumi Zuwa Turken Siminti

Shin ko kun san sau biyu Yamai tana zama hedikwatar Nijar? Karo na farko daga 1903 zuwa 1911, sannan Faransawa suka kwashe komatsansu suka koma Damagaram. A ƙarshen 1926, zamanin Gwamna Jules Brévié, suka sake dawowa bakin kogi, suna kukan ƙarancin ruwa a Damagaram da kusancinta da Kano, inda Turawan Ingila ke mulki. Garin da suka dawo wa bai wuce tarin unguwanni da ƙauyuka ba: Maourey, Kalley, Gaweye, Zongo, ga kuma Goudel da Gamkalle da Saga, kowanne a gefensa da gonakinsa. Ko a 1930 mutanen garin ba su wuce 3,000 ba. To, hedikwata tana son gidan gwamna, da barikin soja, da asibiti, da kasuwa, da gidan kaso, da maƙabarta. Duk waɗannan fili suke ci, filin kuwa gonar wani ce.

Shin ko kun san ba Bature ne ya koya mana keɓe fili don jama'a ba? Kalmar hurumi ta girmi tutar Faransa a ƙasar nan. Hurumi shi ne filin da gari ya yarda ba mai noma shi, ba mai gini a kansa: maƙabarta, filin Idi, bakin rijiya, mashaya, makiyaya, da burtalin da shanu ke bi tsakanin gonaki. Tushen abin yana cikin shari'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Gwandu tasa ta shimfiɗa iko har Say a kudancin Yamai, ya rubuta littafi sukutum a kan hukuncin ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi. Bambancin da ke tsakanin hurumi da abin da ya zo daga baya ɗaya ne, amma babba: hurumi gari ne ya san da shi, tsofaffi ke nuna iyakarsa da bakin sanda, babu takarda, kuma babu wanda ya yi musu.

Ko kun san jimla guda ce ta mayar da dajin Afirka ta Yamma mallakar gwamnatin Faransa? Dokar 23 ga Oktoba 1904 ta ce duk ƙasar da take fayau kuma ba ta da mai ita, ta gwamnati ce. A kunnen mutumin Paris maganar ba ta da aibi. A kunnen Bazabarme ko Bahaushe ko Bafulatani kuwa wasa ce, don ba a taɓa jin ƙasa marar mai ita ba. Saurar da aka bari ta huta tana da mai ita. Fadamar da ba a shiga sai rani tana da mai ita. Dajin da makiyayi ke ratsawa sau ɗaya a shekara, an san zuriyar da ta haƙa rijiyar da ke cikinsa. Sai dai wanda ke yanke hukuncin cewa wuri fayau yake shi ne kumandan, mai mulkin lardi, kuma idonsa abin da ya gani a ranar da ya wuce bisa doki kaɗai ya sani.

A 15 ga Nuwamba 1935 aka ƙara wa miyar gishiri: duk ƙasar da aka shekara fiye da goma ba a yi aiki a kanta ba, ita ma ta shiga hannun gwamnati. Manomin jigawa ya san abin da wannan ke nufi. A zamanin da mutane ba su yi yawa ba, saura kan daɗe tana hutawa kafin a koma mata, don yashi ba ya ba da gero sai an bar shi ya farfaɗo. Wato mai kyautata wa gonarsa shi ne doka ta fi kamawa.

Shin ko kun san takardar mallakar fili da ake tinƙaho da ita a Yamai yau, asalinta daga Ostareliya take? Wani Bature mai suna Robert Torrens ne ya ƙirƙiro tsarin a 1858, Faransawa suka aro shi suka shimfiɗa a Afirka ta Yamma da dokar 24 ga Yuli 1906, suka sake gyara shi da ta 26 ga Yuli 1932. Yadda abin ke tafiya: mai son fili ya kai buƙata, a buga sanarwa a jaridar gwamnati, a liƙa takarda a ofis, a ba da wata uku ga duk mai ja, a zo a kafa turakun iyaka, sai a rubuta filin a babban littafi. Da zarar an rubuta, an gama. Babu alƙalin da zai sake buɗe maganar. Yanzu ku tambayi kanku: a Yamai ta 1932, mutum nawa ne ke karanta jaridar gwamnati da Faransanci? Wata ukun nan sukan wuce mai gona yana can yana huɗa, bai san ana ƙirga masa kwanaki ba.

Ko kun san bakin kogin Isa, wato Kwara, ba na sayarwa ba ne tun zamanin Nasara? Dokar 29 ga Satumba 1928 ta sa duk kogin da jirgi ke bi cikin dukiyar jama'a, haɗe da mita 25 daga inda ruwa ke tsayawa idan ya cika, a kowace gaɓa, har da gefen tsibirai. A nan ne Faransawa suka raba ƙasar gwamnati gida biyu, rabon da har gobe ake aiki da shi a Nijar. Akwai ta jama'a, irin su kogi da hanya da dandali, wadda ba a sayarwa, kuma ko mutum ya shekara hamsin a kanta ba ta zama tasa. Akwai kuma ta gwamnati ta ƙashin kanta, wadda za ta iya yankawa ta sayar. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

A ƙetaren iyaka fa? Turawan Ingila wata hanya suka bi, suka isa wuri ɗaya. Bayan kwamitin da ya zauna a Landan a 1908 zamanin Gwamna Percy Girouard, sai dokar 1910 ta ce duk ƙasar Arewacin Najeriya tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana don amfanin 'yan ƙasa. Faransa ta ce ƙasar ba ta da mai ita, Ingila ta ce tana da masu ita amma ni ne waliyyinsu. Daga wannan doka ta 1910 aka samo ta 1962 a Jihar Arewa, daga ita kuma Janar Obasanjo ya shimfiɗa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a kan Najeriya baki ɗaya. Shi ya sa har yau Bakano ke jiran sa hannun gwamna a kan takardar gidan da kakansa ya gina.

Shin ko kun san fili mafi girma da aka fara keɓewa a tsakiyar Yamai, an keɓe shi ne don kada a zauna kusa da mu? Kwarin Gounti Yéna, wanda ya tsaga gari ya gangara kogi, shi Faransawa suka mayar iyaka. A yammacinsa Plateau, unguwar Turawa, mai faffaɗan tituna da itatuwa da gidajen gwamnati. A gabashinsa garin baƙar fata. Tsakani a bar fili, iska ta wuce. Hujjarsu lafiya ce: tun da Ronald Ross ya gano a 1897 cewa sauro ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka ɗauka cewa maganin abin shi ne Bature ya kwana nesa da 'yan ƙasa. Haka aka yi a Dakar a 1914, inda annoba ta zama dalilin kafa unguwar Medina. Haka Gwamna Lugard ya yi a Najeriya, inda ya sa a bar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta mutanen gari. Sauron dai ba wanda ya sanar da shi dokar.

Abin dariyar shi ne yau kwarin nan na talaka ne. Ku leƙa shi da sassafe a lokacin sanyi: fangali-fangali na salati da kabeji da zogale, mutum ya naɗe wando zuwa gwiwa, bokitin ban ruwa biyu a hannuwansa, yana kai da komo tsakanin rijiya da shuka, mata 'yan sari na tsugune a gefe suna jiran a yanka musu. Ruwan kwatar gari ma nan yake bi, wannan kam ba abin ɓoyewa ba ne. Amma filin da aka bari don ƙyamar mutane, shi ke ciyar da jikokinsu.

Ko kun san gobara ta taimaki masu zanen gari? A 1935 wuta ta cinye bukkoki masu yawa a tsohon garin da ke bakin kogi. Hukuma ta samu abin da take nema: aka matsar da jama'a sama, aka yanka musu unguwanni layi-layi kamar gidan dara, tsarin da zanen gari na 1937 ya tabbatar. Wanda aka ba fili a nan ba mallaka aka ba shi ba, izinin zama ne, wanda hukuma ke iya karɓewa ranar da ta buƙaci wurin. Sunan unguwar Boukoki kuwa Hausa ce tsantsa, bukkoki, don da ciyawa masu ƙaramin ƙarfi suka fara kafa ta a bayan gari.

Wa ya share filayen, wa ya ɗauki ƙasa da duwatsu a ka? Talakawan lardi, da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shin ko kun san Babbar Kasuwa da Ƙaramar Kasuwa suna da sunayensu na Zabarmanci? Habou Béné da Habou Ganda, kasuwar sama da kasuwar ƙasa. Babbar ta ƙone a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987. Ƙaramar ta ƙone a 2012. Ita kuwa kasuwar Katako, sunanta ba ya buƙatar tafinta.

Ko kun san keɓewa mafi girma da aka yi a wannan yanki ba don mutane aka yi ta ba? Gandun dajin W, kimanin kilomita 150 kudu da Yamai, ya samo sunansa daga lanƙwasar da kogi ya yi mai kama da harafin. An ayyana shi gandun ƙasa ranar 4 ga Agusta 1954. Ɓangaren Nijar kaɗai ya kai hekta 220,000, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Giwa da ɓauna da zaki sun samu mafaka, wannan gaskiya ne. 'Yan ƙauyukan da ke ciki an tashe su, makiyayin da kakanninsa ke kai shanu can da rani ya wayi gari mai laifi, wannan ma gaskiya ne.

Shin ko kun san sai da ya rage shekara biyar su tafi sannan Faransawa suka yarda ƙasa tana da masu ita? Dokar 20 ga Mayu 1955 ta juya maganar: haƙƙin gargajiya ya tabbata, kuma idan gwamnati na son wuri, ita za ta nuna cewa babu mai shi, ko ta biya diyya. Shekara guda bayan haka, a 1956, Yamai ta zaɓi magajin garinta na farko, Djibo Bakary. Bayan 'yancin kai aka yi dokar karɓar fili don amfanin jama'a a Nuwamban 1961, aka gyara ta a 2008. Sharaɗinta a bayyane yake: a biya mutum diyyar adalci kafin a karɓa.

Ko kun san Gidan Tarihi na Boubou Hama hekta 24 yake zaune a kai, a tsakiyar birni? An buɗe shi a 1959. Nan kututturen Bishiyar Tenere yake, wadda mota ta kayar a 1973. Duk wanda ya ga cincirindon yara a wurin ranar sallah, kowa da sabon ɗinki, ana turereniya a gaban kejin zaki, ya san abin da filin jama'a yake nufi ba sai an yi masa lacca ba. Da a yau za a nemi hekta 24 a wannan wuri, ko gwamnati sai ta yi gumi.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai. Shin ko kun san an taɓa yi wa Yamai ɗamara da itatuwa? A 1965, zamanin Diori Hamani, aka fara dasa shingen itatuwa a gabas da arewacin gari, akasari dogon yaro, don ya tare ƙurar hunturu da iskar farkon damina. Tsawon da aka tsara kilomita 25, faɗi kilomita guda, wato hekta 2,500, aka kuma ci gaba da dashe har farkon shekarun 1990. Aiki ne na hangen nesa, ba mai musu. Sai dai gwamnatin 'yan ƙasa ta maimaita kuskuren kumandan: filayen nan gonakin mutanen ƙauyukan kewaye ne, kuma magadansu sun daɗe suna cewa ba a biya su ba. Itace na gwamnati, ƙasa ta masu gona. Da gari ya faɗaɗa ya cim ma shingen, fili ya yi tsada, sai kowa ya tuna da haƙƙinsa. Masu gado suka fara sayarwa, masu yankan filaye suka shigo, marasa galihu suka kafa bukkoki a ƙarƙashin inuwa, shara ta samu wurin zuba. Ku bi ta wajen yau ku gani: nan kurmin dogon yaro, can kututture, gaba kaɗan katangar bulo da ƙofar ƙarfe. A ganina laifin farko ba na mai sayarwa ba ne. Filin da aka keɓe ba a sallami mai shi ba, aro ne, kuma mai aro ba ya hana mai kaya zuwa karɓa.

A unguwar da na taɓa zama akwai wani fili da kowa ya san an bar shi ne don makaranta. Yara sun kafa duwatsu biyu-biyu sun mayar da shi filin ƙwallo, mata na shanya a gefe, ranar suna ko ɗaurin aure nan ake kafa rumfa. Wata safiya muka tashi muka ga turakun siminti huɗu da jan fenti a kansu. Wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya yana kallo, carbi a hannu, ya ce da ni, “Ɗana, wannan ba makaranta ba ce, makaranta ba ta zuwa da dare.” Kafin damina ta kama an zuba yashi da bulo. Muka yi ta gunaguni a majalisa, amma ko mutum ɗaya a cikinmu bai taka zuwa ofis ya nemi ganin taswirar unguwa ba, har da ni mai wannan rubutu.

Ga inda bambancin nan na ɗazu yake aiki. Duk lokacin da aka yanka sabuwar unguwa, abin da mutanen Yamai ke kira lotisma, taswira kan ware wurin makaranta, da ɗakin shan magani, da kasuwa, da filin shan iska. Muddin wurin yana cikin dukiyar jama'a, ba ya sayuwa. Kafin a sayar sai an fitar da shi daga wannan rukuni da takardar hukuma, ya koma cikin ƙasar da gwamnati ke iya yankawa. Takarda ɗaya ce tsakanin filin ƙwallon yara da gidan bene. Ko kun san ma a farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye? Tun daga nan kowa ya gane cewa a Yamai fili kuɗi ne da ba ya ruɓewa.

A karkara doka ta ɗan fi kusa da hurumin kakanni. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya daidaita haƙƙin gargajiya da na takarda, ya kafa kwamitocin ƙasa tun daga ƙauye, inda sarakuna da manoma da makiyaya ke zama tare. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 kuma ta sa burtali da makiyaya cikin dukiyar jama'a da ba a sayarwa. Shekara 106 ke nan tsakaninta da dokar da ta ce dajin ba shi da mai shi.

Na ƙarshe. Shin ko kun san inda aka kai mutane da kogi ya yi ambaliya a Satumbar 2020? Ruwa ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya fasa shinge, ya shiga unguwannin Haro Banda, gidajen ƙasa suka narke kamar sukari. Aka fara tsugunar da jama'a a makarantu, daga baya aka kafa wa wasu tantuna a filin sukuwa. Garin da bai wuce mutum 30,000 ba a 1960, wanda ƙidayar 2012 ta samu ya haura miliyan guda, ranar da ya rasa wurin kwana, filin dawaki ne ya karɓe shi, don shi ne ba a riga an yanka ba.

Mai karatu, idan akwai fili a unguwarku da ake cewa na makaranta ne ko na asibiti, kada ku tsaya ga “an ce”. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku tafi da mai unguwa ofishin magajin gari, ku nemi a nuna muku taswirar unguwar, ku ɗauki hotonta a waya, kowa ya ajiye.